Ciwon Kan da Rabi'atu Ta Ɓoye

Lokacin da Gidaɗo ya ɗauko matarsa Rabi'atu daga Gombe ya kawo ta Alƙahira, bai san komai game da mace mai ciki ba sai abin da ya karanta a littattafan fiƙihu. Ya san hukuncin azuminta, ya san iddarta, ya haddace abin da malamai suka faɗa kan jinin biƙi. Amma bai taɓa zama ɗaki ɗaya da mai laulayi ba. A gidansu wannan zancen iyaye mata ne, can cikin gida ake yin sa, namiji sai dai ya ji guɗa.

Ɗalibi ne a Azhar. Da yake gidajen kusa da makaranta sun fi ƙarfinsa, sai ya kama ɗaki da falo a Ard al-Liwa, bayan layin dogo, a saman benen wata dattijuwa Bamisiriya da ake kira Ummu Rajab. A shekarar 1976 unguwar ba ta gama cika ba. In ka leƙa ta taga kana hango gonakin kabeji a tsakanin gidajen jan bulo, da jakuna suna jan amalanke zuwa kasuwa. Bahaushe ɗaya ne a layin ban da su, wani ɗan kasuwa mutumin Tawa mai suna Hassumi, wanda ke sayen littattafan addini da turare yana aikawa Nijar. Ya girmi Gidaɗo sosai, kuma iyalinsa suna gida.

Da Rabi'atu ta fara amai da safe, ko ruwa ba ya zama a cikinta, Gidaɗo ya ɗauka guba ta ci. Ya tare tasi, ya kai ta wurin wani likita a unguwar Mohandessin, yana ta salati a hanya. Likitan ya duba ta, ya yi murmushi, ya ce masa, "Mabruk, ya Shaikh." Ciki ne. Bayan wasu watanni ƙwannafi ya taso mata, ƙirjinta na zafi kamar ta haɗiyi garwashi, ga yawan fitsari, ga ciwon baya. Ya sake kwasar ta sai Mohandessin. Likitan ya ce duk mai ciki haka take, ta rage yaji, ta riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan. Ya ƙara da cewa su riƙa zuwa awo kowane wata a gwada jininta. Karo na uku, ƙafarta ce ta ɗan tasa da yamma. A ranar mai karɓar baƙi ta likitan ma sai da ta yi dariya da ta gan su.

Labari ya bazu cikin ɗalibai. Hassumi kuwa ya samu abin tsokana. Duk inda ya hango shi sai ya ɗaga murya, "Malam Gidaɗo, yau kuma me ya faru? Ta yi atishawa ne?"

Gidaɗo yana iya shanye wannan. Rabi'atu ce ta kasa. Cikin fari ne, ita kuwa ta taso inda mace ba ta ko ambaton cikinta na fari, balle a riƙa yawo da ita a tasi ana buɗe wa namiji jikinta. Wata Juma'a matan ɗalibai suka zo gaishe ta, ɗaya ta ce cikin wasa, "Ke dai kin more miji, mu da ko za mu mutu sai dai a ce mu sha ruwan zafi." Aka yi dariya. Bayan sun tafi Rabi'atu ta zauna bakin gado tana kuka.

"Malam, don girman Allah kada ka sake kai ni wurin mutumin nan. Ka mai da ni abin dariya. Innata ta haife mu tara, ba ta taɓa ganin likita ba."

"To awon fa da ya ce?"

"Lafiyata lau. In na ji wani abu ni zan faɗa maka da bakina."

Ya yi mata alkawari. Daga nan ba su sake zuwa awo ba.

Sanyin Janairu ya shigo da ƙarfi a shekarar 1977. Cikin ya kusa wata takwas. Gidaɗo ya fara lura da cewa in ya dawo daga makaranta yana samun tagogi a rufe, ita kuma ta ɗaure kanta tamau da ɗankwali. Ta ce haske ne ke damun ta. Fuskarta ta yi faɗi, idanunta sun ƙanƙance, hancinta kamar ba nata ba. Ya ga zobenta ya nutse cikin yatsa, naman ya tasa ta kowane gefe. Da ya yi magana ta ce ƙiba ce, ai duk mai ciki tana ƙiba. Ya tambaye ta kan fa, ta ce ɗan kaɗan ne, sanyi ne. Ya sayo mata maganin ciwon kai a kantin magani, ta sha, washegari ya sake samun ta da ɗaurin kan nan.

Ya tsaya a ƙofar shagon Hassumi, ya daɗe yana kame-kame kafin ya ce, "Yaya Hassumi, in mace ta kumbura..."

"Ka dawo ke nan! Ƙanena, uwargidana sau shida tana haihuwa, duk sai ta zama kamar tulu. Ka bar yarinyar nan ta huta."

"Har fuska?"

Hassumi ya ce shi dai ƙafa ya sani, amma ai jiki ɗaya ne. Gidaɗo ya koma gida da wannan, yana lallashin zuciyarsa. Yana jin kunyar ya zama abin dariya karo na huɗu, kuma ya yi alkawari.

A tsakiyar watan gwamnati ta ƙara farashin fulawa da shinkafa da sukari da gas na girki, gari ya rikice. Ranar farko Gidaɗo da ƙafa ya dawo daga makaranta, don motocin haya sun daina tafiya, kuma ya ga wata bas tana ci da wuta a tsakiyar titi. Ya iso a gajiye, ya samu Rabi'atu kwance ta juya wa ƙofa baya. Ba ta yi girki ba. Bai tashe ta ba.

Washegari da hantsi ya fita neman burodi. Layin ya yi tsawo, mutane na ta faɗa, ana cewa an fasa shaguna a cikin gari, an harbi mutane. Da ƙyar ya samu, ya dawo ya hau bene. Yana tura ƙofa ya gan ta zaune a ƙasa, ta jingina da gado, hannunta ɗaya dafe da ƙasan haƙarƙarinta na dama. Ta yi amai a kan tabarma. Ta ɗago kai, amma ba shi take kallo ba, gefensa take kallo.

"Malam, kai ne?"

"Ni ne. Rabi, me ya same ki?"

"Ina jin muryarka, amma ba na ganin fuskarka. Wasu abubuwa ne ke ta walƙiya a idona kamar taurari." Ta dafe kanta. "Kaina zai tsage. Ya daɗe yana yi, Malam, na ƙi faɗa maka ne. Ko na sha magani ba ya sauka. Ga nan wurin kamar an soka min wuƙa."

Burodin ya zube daga hannunsa.

"Kuma tun jiya ban ji ya motsa sosai ba," ta ce a hankali, tana sunkuyar da kai. Wannan ne karo na farko da ta ambaci abin da ke cikinta a gabansa.

Ya fita da gudu yana kiran Ummu Rajab. Dattijuwar ta hawo tana haki, tana cewa lafiya, lafiya. Ta kwana biyu ba ta ga Rabi'atu ba. Tana shigowa ta ga fuskar nan, ta buga ƙirji. Ta juya kan Gidaɗo da Larabcinta mai sauri, rabi yana ganewa rabi na wuce shi: yaushe ta zama haka, me ya sa bai kira ta ba, wannan ba kumburin ƙafa ba ne, a kai ta asibiti yanzu-yanzu. "Yalla, ya ibni, yalla!"

Ya sa wa Rabi'atu hijabi, ya lulluɓa mata bargo. Ta miƙe, ƙafafunta suka ƙi ɗaukar ta. Bai taɓa riƙe ko hannunta a gaban mutane ba, amma ya durƙusa ya goya ta a baya. Cikin ya tokare shi, sai ya sauke ta ya ɗauke ta a hannu kamar jaririya. Matattakalar matsattsiya ce, babu haske. Ummu Rajab na gaba tana faɗa masa inda zai taka, Rabi'atu kuma tana cewa a kunnensa, "Ka yi haƙuri, Malam, na yi nauyi."

A ƙasa ya zaunar da ita a kan kujerar mai shayi, ya ruga babban titi. Babu tasi. Titin da kullum sai ka yi dabara kafin ka tsallaka, yau fayau yake, sai duwatsu da fasassun kwalabe. Wata mota ta taho, ya shiga gabanta ya ɗaga hannu biyu, direban ya kauce masa ya ƙara wuta. Ta biyu ta tsaya. Da mutumin ya ji asibiti, ya girgiza kai ya ce ma'alish, a yi haƙuri, ana jifan motoci a can, motar ba tasa ba ce. Gidaɗo ya riƙe ƙofar yana roƙonsa da Allah da Annabi, da Larabcin littafi, da Larabcin kasuwa, har da Hausa bai sani ba. Mutumin ya ɓamɓare yatsunsa daga ƙofar ya tafi.

Ya tuna akwai tarho a kantin magani. Ya je, ya tarar an ja ƙofar ƙarfe an kulle. Ya yi ta dukan ta har wata mata ta leƙo daga sama ta ce mai kantin bai fito ba yau, kuma ko ya fito, wace motar asibiti ce za ta shigo unguwar nan a irin wannan rana?

Yana dawowa ya hango mutane sun taru wajen mai shayi. Ya kutsa. Rabi'atu tana ƙasa, jikinta ya sandare, idanunta sun juye. Sai ta fara jijjiga, hannu da ƙafa suna bugun ƙasa, haƙoranta sun datse, kumfa mai haɗe da jini na fita ta gefen bakinta. Wani na cewa a kawo albasa, wani na cewa aljanu ne a yi mata karatu, wata na neman cokali ta tura mata a baki. Gidaɗo ya faɗi a gwiwa. Duk addu'o'in da ya haddace suka gudu daga kansa, sai "Ya Hayyu ya Ƙayyum" kawai yake maimaitawa. Ya ji tana shaƙewa da kumfar, sai ya juya ta a gefe, ya tallafi kanta da hannunsa don kada ya bugu da dutse, ya ture mai cokalin. Ummu Rajab ta cire mayafinta ta rufe mata ƙafafu.

Jijjigar ta lafa. Rabi'atu ta yi wani dogon numfashi mai ƙara, ta kwanta laƙwas. Ya kira sunanta, ba ta amsa ba.

"Matsa! Ku matsa!"

Hassumi ne, babu hula, rigarsa a yage ta kafaɗa, yana janye da linzamin jaki. Bayansa wani tsoho ne mai amalanken kabeji yana bin sa yana masifa. Hassumi ya ji labari a shago, ya fita ya tare tsohon a bakin gona, ya kama jakin ya ƙi saki. Da tsohon ya ga mace kwance a ƙasa da ciki, ya daina masifar. Shi da kansa ya hau ya riƙa watso kabejin ƙasa. Aka shimfiɗa buhu da bargo, aka kwantar da ita a gefenta. Ummu Rajab ta hau ta ɗora kan Rabi'atu a cinyarta. Gidaɗo da Hassumi suka bi da ƙafa, ɗaya a kowane gefe.

Hassumi bai dube shi ba. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ƙanena..." Bai ƙarasa ba, Gidaɗo ma bai tambaye shi ba.

Da suka iso mashigar layin dogo, inda ake tsallakawa zuwa Mohandessin, suka tarar jirgin kaya ya tsaya cak a kan hanya, ya tare ta. An ce tun safe yake nan, an hana shi shiga gari. Mutane na bi ta ƙarƙashin taragu suna wucewa, amma amalanke ba ta da hanya. Gidaɗo ya kalli dama, taragu ne har inda ido ya tsaya. Ya kalli hagu, haka. Ya dafa ƙarfen taragon mai sanyi, ya ji kamar ya tura shi da hannunsa.

Tsohon ya ce akwai wata mashiga can gaba, amma da nisa. Ummu Rajab ta ce yarinyar nan ba za ta kai ba, ga leɓenta ya fara canza launi. Sai Hassumi ya tattare rigarsa ya hau mahaɗar taragu biyu, ya tsaya a kai ya miƙo hannu. Wasu samari da ke riƙe da duwatsu a wajen suka zubar, suka zo. Aka kama bargon ta kusurwa huɗu, aka ɗaga ta sama, aka miƙa wa na kan mahaɗa, su kuma suka miƙa wa na ɗaya ɓangaren. Gidaɗo ya bi ta ƙarƙashi da rarrafe, tsakuwa na yanka masa gwiwa, idonsa na kan bargon da ke wucewa samansa, yana tsoron kada jirgin ya motsa, yana tsoron kada wani ya saki. Ummu Rajab ba ta iya hawa ba. Suka bar ta a can tana ɗaga hannu sama tana addu'a.

Daga nan a bargo suka ɗauke ta, su biyu da samari biyu da ba su san ko sunansu ba. Gidaɗo ya ce a fara zuwa wurin likitan nan nasu, tunda ya fi kusa. Suka tarar da ginin a kulle. Maigadi ya ce likita bai zo ba, ba kuwa zai zo ba. Gidaɗo ya tsaya yana kallon allon sunan likitan. Ɗaya daga cikin samarin ya ce asibitin gwamnati, ta wajen kogi, ya san hanyar lungu.

Suka bi lunguna. A wani wuri hayaƙi mai sa hawaye ya cika iska, idanunsu suka yi ta zuba, Gidaɗo ya ja gefen hijabin ya rufe mata hanci. A wani wurin suka ji harbi, samarin suka durƙusa da ita bayan wata mota har ya lafa. A nan ta sake jijjiga. Wannan karon ta fi daɗewa. Ya riƙe kanta yana kallon fuskar da ta kumbura ta yi duhu, ya ce a ransa shi ke nan, ya rabo 'yar mutane da iyayenta ya kawo ta ta mutu a kan titi a ƙasar da ba ta jin yarenta. Ya ji kansa yana cewa, "Rabi, kada ki yi min haka. Me zan ce wa Inna?"

A bakin wani babban titi 'yan sanda sun tare hanya, riƙe da sanduna da garkuwa. Wani ya daka musu tsawa su koma. Samarin suka ja da baya, don in an kama su ba su san inda za su kwana ba. Gidaɗo ya karɓi Rabi'atu daga bargon, ya ɗauke ta a hannu, ya nufi 'yan sandan kai tsaye. Hassumi na kiran sa, bai waiwaya ba. Wani ya ɗaga sanda. Gidaɗo ya tsaya a gabansa ya ce, "Matata ce. Tana da ciki. Za ta mutu." Ba shi da wata kalma bayan wannan, sai ya sake faɗa.

Wani hafsa mai furfura ya matso ya ɗaga gefen hijabin, ya kalli fuskarta. Ya juya ya yi wa direban motarsu magana. Aka sa su a bayan motar, irin wadda ake zuba waɗanda aka kama, su uku da Hassumi. Gidaɗo ko juyawa bai yi ba balle ya gode wa samarin nan, kuma bai sake ganin su ba.

Asibitin ya cika maƙil. Mutane kwance a baranda, wasu da fasasshen kai, wasu da karaya, jini a ƙasa ana takawa. Gidaɗo ya yi ta zagayawa da ita a hannu, duk wanda ya tara sai ya nuna masa wata ƙofa. Hassumi ne ya buɗe murya a tsakiyar barandar yana ihu, Larabci da Faransanci a haɗe, har wata nas ta fito ta ga abin da ake ciki, ta jawo gadon turawa. Wata likita matashiya, wadda da gani ba ta yi barci ba, ta ɗaura wa Rabi'atu abin awon jini a hannu. Ta duba, ta sake matsawa ta sake dubawa. Fuskarta ta canza. Ta ba da umarni da sauri, aka kawo allura, aka ɗaura ƙarin ruwa.

Ta juyo ga Gidaɗo. "Sau nawa ta yi jijjiga?"

"Biyu."

"Ciwon kan tun yaushe?"

"Ya fi mako. Ban sani ba sosai."

"Fuskar fa? Da hannun?"

"Su ma haka."

"Tana zuwa awo?"

Ya girgiza kai. Likitar ba ta yi masa faɗa ba, ba ta da lokaci. Ta ce jininta ya hau sosai, cikin ne ya jawo, kuma ba zai sauka ba sai an raba ta da shi. Za su yi mata aiki su ciro ɗan da zarar jijjigar ta tsaya. Ba ta yi masa alkawarin uwar ba, ba ta yi masa na ɗan ba. Ya ce ya yarda. Aka tura gadon ciki, ƙofa ta rufe.

Da la'asar aka sanar da dokar hana fita, don haka ko sun so tafiya babu hali. Suka zauna a ƙasa a baranda, tsakanin wani mai karyayyen hannu da wata tsohuwa da ke neman ɗanta. Gidaɗo ya yi taimama da bango ya yi sallolin da suka wuce shi. Hassumi ya samo masa shayi, ya riƙe har ya huce bai kurɓa ba.

Kafin magariba nas ɗin ta fito. Ta ce namiji ne, yana da rai amma ƙarami ne ƙwarai, numfashinsa ba daidai ba, an sa shi a kwalba. Uwar ba ta farfaɗo ba. Nas ɗin ta bar shi ya shiga ya ga yaron. Gidaɗo ya tsaya kan kwalbar yana kallon ɗan mutum da bai fi tafin hannunsa biyu ba, ƙirjinsa na hawa da sauka da sauri kamar na tsuntsu. Ya roƙi nas ta ɗan buɗe, ya sunkuya ya yi masa kiran salla a kunne, a hankali, don kada ya firgita shi. Ya raɗa masa suna Sada, sunan mahaifin Rabi'atu.

Yaron bai kai hantsin washegari ba.

Da aka sassauta dokar, Gidaɗo da Hassumi da wasu ɗalibai da labari ya kai musu suka yi masa wanka da sutura. Gidaɗo ne ya ɗauke shi a hannu har maƙabarta. Ɗaya daga cikin ɗaliban, wanda matarsa ce ta yi wasan nan ranar Juma'a, ya riƙe hannunsa ya kasa saki. Daga maƙabarta Gidaɗo ya koma asibiti ya zauna a ƙofar ɗakin mata.

Sai a rana ta gaba Rabi'atu ta buɗe ido. Harshenta ya kumbura inda ta cije shi, maganarta ba ta fita sosai. Ba ta tuna amalanke ba, ba ta tuna jirgi ba, abin da ta sani kawai shi ne ana saukowa da ita daga bene. Ganinta bai dawo duka ba, tana ganin sa kamar ta cikin hazo. Ya zauna a gefen gadon. Ta kai hannu ta shafa cikinta, ta ji bandeji, ta ji ya sauka.

"Malam."

"Na'am."

"Ina yake?"

Ya shirya maganganu da yawa a hanya, da ayoyi, da hadisan haƙuri. Babu wanda ya fito. Ya ce, "Ya koma, Rabi. Jiya muka kai shi."

Ta rufe ido. Hawaye suka gangaro ta gefe suka shiga kunnenta. Ta yi salati, ta sake yi. Matar da ke gadon kusa, wadda ba ta jin Hausa, ta juya fuskarta bango.

"Namiji ne?"

"Namiji. Na sa masa sunan Baba."

"Ya yi kuka?"

"An ce ya yi, kaɗan. Ni ban ji ba. Amma na gan shi da rai, na yi masa kiran salla, ya motsa hannu."

Ta lalubo hannun rigarsa ta riƙe. "Faɗa min yadda yake. Kada ka rage komai."

Sai ya fara faɗa mata. Ya ce yana da gashi, baƙi, kwance luf a kansa. Ya ce yatsunsa dogaye ne, har da farce. Goshinsa irin na gidansu ne, amma bakin nata ne. Ta ce kunnen fa, ya ce ƙanana ne, ɗaya ya ɗan lanƙwashe. Ta ce fari ne ko baƙi, ya ce ja ne tukuna, amma da alama da zai yi duhu. Nas ta zo ta ce lokacin ganin marasa lafiya ya ƙare. Rabi'atu ba ta saki rigar ba, nas ɗin ta dube su, ta wuce gado na gaba.

Ganinta ya dawo a hankali, kumburin ya saɓe, jinin ya sauka. Ranar da za a sallame ta likitar ta zaunar da su biyun, ta sa Gidaɗo ya riƙa fassarawa jimla bayan jimla. Ta ce amai da ƙwannafi da ciwon baya da ɗan kumburin ƙafa, yawanci na kowace mai ciki ne. Amma ciwon kan da ba ya jin magani, da kumburin fuska da hannu, da ganin walƙiya ko duhu, da ciwo a ƙasan haƙarƙari, da zubar jini, da ɗa ya rage motsi, waɗannan ba a kwana da su a gida. Ta ce in Allah ya sake ba ta ciki, tun farkonsa za ta fara zuwa awo, don abin yana iya dawowa. Gidaɗo ya fassara duka, har abin da da can ba zai iya furtawa a gaban matarsa ba. Rabi'atu ta ce ya tambayi likitar ko za ta sake haihuwa. Likitar ta ce insha Allahu, amma ta huta tukuna.

Motoci sun dawo kan titi, an share kwalabe, an janye ƙarin farashin. Hassumi ya zo da tasi har ƙofar asibiti. A gida suka tarar Ummu Rajab ta kwashe kayanta daga ɗakinta na ƙasa ta shimfiɗa wa Rabi'atu gado a ciki, ta ce mai ɗinki a ciki ba ta hawa bene, khalas, magana ta ƙare, ba ta son gardama. Ta dafa kaza da romo, ta zauna a bakin gadon da kwano a hannu. Rabi'atu ta ce ba ta jin yunwa. Dattijuwar ba ta gane ba, ko kuma ta yi kamar ba ta gane ba, ta ɗebo cokali ta kai mata baki.